Shayin Ummi

Tun da na dawo daga Amurka ban huta da tambaya ba. In na fito masallaci a tare ni, in na zauna a majalisa a sa ni tsakiya: Hedimasta, da gaske ne ba su da ƙuda? Ka ga fadar shugaban ƙasar? Wai har kare yana da likitansa? Nakan ba su abin da suke son ji, mu yi dariya a watse. Amma na lura akwai wuri guda da kullum nake tsallakewa, kuma shi ne ainihin tafiyar. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta daga farko, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda.

Ga wanda bai san ni ba, shekara talatin da biyar na yi ina koyar da Hausa a Funtuwa, na gama a hedimasta. Abin da aka fi sanina da shi kuwa ba koyarwar ba ce, gatse ne. Yaro ya zo makaranta rana ta take, in ce masa, "Sannu da sammako." Malami ya kawo mini rajista duk shafe-shafe, in ce, "Kai, wannan aiki sai a kai shi gidan tarihi." Kowa ya san abin da nake nufi. Marigayiya matata Hajara ta sha gaya mini wannan bakin nawa zai ja mini wata rana, ni kuma in ce mata na gode da addu'a.

Ɗana na uku, Bashir, injiniya ne a can. Shi ya matsa in je in yi musu wata biyu. 'Yarsa ta fari sunan Hajara aka sa mata, don haka Ummi suke kiranta. Rabona da ita tun tana shekara huɗu, yanzu kuwa tana sha biyar. Gaskiya saboda ita na yarda na je, don ni ba mai son hawa jirgi ba ne.

Daga Funtuwa zuwa Abuja babu abin ba da labari, sai direban da ya yi ta rantsuwa motarsa sabuwa ce, muna tura ta a Zariya. A jirgi aka zaunar da ni kusa da wata Hajiya 'yar kasuwa daga Kano, wadda ta cinye abincinta ta cinye nawa, don ni da na buɗe na ga wani abu kore kwance a kan wani abu fari sai na rufe. Alwala a banɗakin jirgi kuwa, duk wanda ya yi ta ba tare da ya jiƙa rigarsa ba ya zo in ba shi kyauta. Muka sauka wata ƙasa muka canja jirgi, na yi zaman sa'a biyar ina gadin jakar Hajiya tana yawon kantuna.

Kafin in taso Bashir ya kira ni har sau uku a kan magana ɗaya. "Baba, don Allah in ka zo gaban jami'an filin jirgi, abin da suka tambaya shi za ka amsa. Nan ba a yi wa ma'aikaci gatse. Yadda ka faɗa haka zai rubuta." Na kuwa kiyaye. Wani jibgegen jami'i ya duba fasfona, ya dube ni, ya ce me ya kawo ni ƙasarsu. Bakina har ƙaiƙayi yake in ce na zo neman sarautar garin. Na danne, na ce ziyarar ɗa da jikoki. Ya ce ina ɗauke da nama? Na ce akwai kilishi. Nan aka buɗe jaka, wani ɗan kare mai dogon kunne yana tsaye yana sa ido kamar shi ya ba ni ajiya. Kuka da busasshiyar kuɓewa suka wuce, kilishin da na sa aka yi wa Ummi musamman aka jefa shi a kwandon shara ina kallo. Na iya kama bakina a gaban baƙon da ba zan sake gani ba, wannan ku riƙe shi.

Gidansu yana wani gari da ake kira Woodbridge. Gidaje ne jere iri ɗaya, ba katanga, ba zaure, ba kowa a waje. Aka ba ni ɗakin ƙasa, wanda sai ka sauka matakala, ga ɗumi ga kafet mai laushi. Bashir yakan fita da asuba ya hau babban titin nan mai lamba casa'in da biyar, inda motoci ke tafiya kamar masu rakiyar gawa, ba ya dawowa sai magariba. Matarsa Rukayya nas ce, ita ma ba zama take ba. In yara suka tafi makaranta sai gida ya rage daga ni sai firji yana gurnani.

Maƙwabcinsu wani Bature ne dattijo mai yawan share ganye. Ranar da muka fara gaisawa ya yi mini fara'a, ya ce lallai in shigo wata rana mu sha kofi. Washegari na sa babbar riga na buga masa ƙofa. Mutumin nan ya buɗe da gajeren wando, ya tsaya yana kallona kamar na zo karɓar haraji. Da na ba Bashir labari ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai haka suke faɗa, ba wai ka zo ɗin ba ne. Na ce to, ashe su ma suna da nasu.

Yanzu bari in zo kan Ummi. Ranar da na iso, ina shiga falo sai ga doguwar yarinya, idanun Hajara sak. Ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Kaka, sannu da zuwa. Yaya gajiya na hanya? Yaya mutane na gida?" Ƙannenta biyu suna jin Hausa amma da Turanci suke amsawa, ita ma a da haka take. Daga baya Rukayya ta gaya mini wata uku yarinyar nan ta yi tana bin ta kicin tana tambayar yaya ake cewa kaza, tana rubutawa a waya, wai ba ta son kakanta ya zo ta yi masa Turanci.

Ni kuwa me na ce? Abin da kowane kaka yake cewa. "Wannan mummunar ce aka sa wa sunan matata? To na fasa auren, a mayar mini da kayana." Uban ya yi dariya, uwar ta yi dariya, ita ma ta ɗan yi murmushi. Babu wanda ya tuna cewa ba a taɓa gaya mata akwai wasa tsakanin kaka da jika ba.

Washegari da safe kafin ta tafi makaranta ta sauko mini da shayi. Ruwan zafi ne aka tsoma masa ɗan ƙunshin ganye aka cire da sauri, ba madara, ba sukari, sai ɗigon zuma. Ana ganin gindin kofin. Na kurɓa na ce, "Madalla! Wannan shayi ai ko mai shayin tashar Funtuwa bai iya irinsa ba. Kullum irinsa za ki riƙa yi mini." Fuskarta ta washe. Ta ce, "To, Kaka. Kullum." Haka kuwa aka yi. Sati biyar ina shan ruwan nan, kullum da sabon kirarin da zan yi masa, ita kuma tana zama a matakala da jakar makaranta a baya tana harhaɗa mini labari da Hausarta mai ɗingishi. Ta ba ni labarin ƙawarta 'yar Habasha, da malamin lissafi mai barci, ta tambaye ni yaya kakarta take da tana yarinya. Wannan minti goma na safe shi ne abin da na fi so a duk Amurka, amma ban taɓa gaya mata ba. Mu ba mu saba faɗin irin wannan kai tsaye ba.

Ran wata Asabar aka kai ni Washington a jirgin ƙasa. Na ga fadar da kuke tambaya, daga bayan shinge. Fara ce, kuma wallahi akwai ɗan siyasar da na sani da gidansa ya fi ta girma. Daga nan muka wuce Silver Spring, kantin wani Ba'adare, mutumin Nijar, inda na ga daddawa da manja da garin tuwo a jere kamar a kasuwar Funtuwa. Ya ji Ummi ta gaishe shi da Hausa ya ce, "A'a, ɗiyar ga ta iya! A lakwal ake koya musu?" Makaranta yake nufi. Ta ce, "A'a, Kaka na yana koya mini." Har yau ban manta da wannan amsa ba.

Zaman kaɗaici ne ya kai ni ga littafin. Ummi ce ta bar shi a kan teburin cin abinci, wani tsohon littafin ƙagaggen labari da aka rubuta fiye da shekara ɗari, wanda aka ce duk ɗan makarantar ƙasar sai ya karanta. An ba su aikin yin rubutu a kansa. Na ɗauka na fara, ina bin sa da ƙamus. Tun shafin farko raina ya ɓaci. Wani yaro ne mara tarbiyya ke ba da labarin da bakinsa, da wani karyayyen Turanci wanda da ɗalibina ne ya rubuta sai jan birona ya ƙare. Yana ƙarya, yana gudun makaranta. Abin da ya fi ƙona mini rai, yana ta yabon manyan garinsu, wai mutanen kirki ne masu ibada, alhali ga su nan suna saye da sayar da 'yan Adam. Sau ɗaya tak ya yi abin kirki, ya taimaki wani bawan Allah da ake zalunta, shi ma sai ya zauna yana zargin kansa wai ya yi zunubi. Na rufe na ce lallai, da wannan ake tarbiyyar jikata.

Ana saura sati uku in dawo aka gayyace mu suna a Manassas, gidan wani likita ɗan Gombe. Falo ya cika, mutanen Kano, na Kaduna, na Filato, Musulmi da Kirista, ana cin masa da miyar taushe. An zaunar da ni a babbar kujera ana ta Baba, Baba. Sai wani ya ce, "Hedimasta, yaya ka ga makarantun nan?" Ai kuwa kamar jira nake. Na gyara zama na kawo zancen littafin. Na ce ƙasar da take ba 'ya'yanta littafin da ke yabon masu cinikin bayi, yana mayar da alheri zunubi, ba ta da bakin yi wa kowa wa'azin tarbiyya. Wasu suna gyaɗa kai, ni kuwa ina ƙara jin daɗin muryata.

Ummi tana raba lemo. Sai na ga ta ajiye tire. A gaban mutum kusan talatin, yarinyar da ko a gida sai ta rage murya in za ta yi Hausa, ta ce:

"Kaka, a'a. Ba haka ba ne. Mutum da ya rubuta, shi ba yaron ba ne. Yaron yana cewa mutanen suna da kirki, amma mai rubutu yana so ka gani ba su da kirki. Yana faɗa abu, amma yana nufi... yana nufi ɗayan." Ta tsaya tana juya hannu, tana neman kalma. Ta dube ni. "Mene ne sunan shi, Kaka? In ka faɗa abu amma kana nufi ɗayan?"

Kalmar tana kan harshena. Ni ta tambaya, malamin Hausa, kuma a duk falon nan babu wanda ya fi ni sanin amsar. Amma abin da na ji a lokacin shi ne jika ta ce mini a'a a gaban mutane. Sai na ɗaga hannu na ce, "Jama'a ku yi shiru, Farfesa ta tashi. Ashe shekara talatin da biyar ɓata lokacin yaran Funtuwa na yi, malamar Hausa tana Amurka. Ci gaba, ranki ya daɗe. Yana nufi ɗayan, sai kuma me?" Har muryarta na kwaikwaya.

Abin da ba zan manta ba shi ne da farko murmushi ta yi. Ta ɗauka yabo ne, kamar na shayi. Sai dariya ta tashi a falon. Ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta dawo da ido kaina, ina kallo murmushin ya gushe. Ta ɗauki tirenta ta shiga kicin.

Da za mu tafi, ina neman takalmina a bakin ƙofa, wata abokiyar aikin Rukayya, Laraba, nas 'yar Pankshin, ta matso kusa da ni ta rage murya. "Baba, ka ba ni mamaki fa. Yarana biyu sun karanta littafin nan. Mai littafin gatse yake yi tun daga farko har ƙarshe. Kai da aka ce sarkin gatse ne, ba ka gane ɗan'uwanka ba? Yarinyar nan sunan abin kawai take nema." Na ce mata na gode da ƙarin ilimi. Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Bashir ba zai iya ce mini na yi kuskure ba, ni na haife shi, amma yadda ya riƙe sitiyari ya ishe ni.

Ranar Litinin da safe na ji takunta a matakala. Ta ajiye kofi, ba ta zauna ba. Da Turanci ta yi magana, karo na farko tun zuwana. Ta ce, "Shayin nan, ba ka taɓa son sa ba, ko?" Ta ce, "Da ka ce ni mummuna ce, wannan kuma wanne ne?" Ba ta jira amsa ba ta hau sama. Na duba kofin. Shayi ne mai kauri, madara da sukari sun ji, irin wanda nake sha a gida. Ta tambayi uwarta ke nan. Kurɓa ɗaya na yi na ajiye.

Na koma na ɗauki littafin, na sake karanta shi cikin kwana huɗu. Wannan karon sai ga shi a fili. Duk inda yaron ya ce wane mutumin kirki ne, marubucin yana tsaye a bayansa yana ƙyafta mini ido. Na yi dariya ni kaɗai a ɗakin ƙasa har da hawaye. Sana'ata ce mutumin nan yake yi, ya ma fi ni iyawa, na kasa gane shi don kawai ya sa rigar Turanci. Yarinya 'yar shekara sha biyar ta gane shi. Sai kuma dariyar ta tsaya, don na lura da wa ya sa a gaba. Manyan gari ya sa a gaba, masu dukiya da faɗa a ji, yaron kuwa kare shi ya yi. Ni nawa gatsen a kan wa na sauke shi?

Na same ta wata yamma tana aikin makaranta a teburin cin abinci. Na ja kujera. Na ce, "Ummi, kalmar da kike nema ran nan, gatse ake cewa. Kuma ke ce da gaskiya a kan littafin." Na yi mata bayanin wasan kaka da jika, cewa a wurinmu wanda ka fi so shi kake tsokana, cewa kakarta ma haka na yi ta yi mata har ta bar duniya. Ta saurara da ladabi. Ta sa na maimaita kalmar, ta rubuta a wayarta. Sannan ta ce da Turanci ba komai, ta gane, ta gode. Na so ta yi fushi ko ta yi kuka, da na san inda zan kama.

Rubutun da ta yi a kan littafin ya sami maki mai kyau, uwar ta manna shi a jikin firji. Na tsaya na karanta. A ƙarshensa ta ce a ganinta yaro yana fara girma ne ranar da ya gane manya ba kullum abin da suka faɗa suke nufi ba, kuma daga ranar dole ya riƙa auna kowace magana, har ta waɗanda yake so. Ba ta ambaci kowa ba.

Ranar tafiya dukansu suka raka ni filin jirgi. Na yi sallama da Bashir da Rukayya, na shafa kan ƙananan. Na zo kanta. Tun a mota nake shirya maganar, na cire mata duk wani ado. Na riƙe hannunta na ce, "Ummi, Hausarki tana da kyau. Na yi alfahari da ke. Kuma safiyar nan da kike zama a matakala ta fi mini komai a ƙasar nan."

Ta dube ni, ta juya ta dubi ubanta, ta sake dubana. Sannan ta yi Hausar da ba ta yi mini ba cikin sati uku. A hankali ta ce, "Gatse ne?"

Na rantse mata da Allah a tsakiyar filin jirgi, mutane suna wucewa da jakunkuna. Ta gyaɗa kai, irin gyaɗawar da ake yi wa tsoho don a rabu lafiya.

Yanzu duk Juma'a nakan tura mata saƙon murya, Hausa tsantsa, kai tsaye, ba kwana-kwana. Abin ya fi wuya fiye da yadda kuke zato, wani lokaci sai na goge sau uku. Tana saurara, tana amsawa da Turanci, cikin ladabi. To masu tambaya, ga abin da na gani a Amurka. Yarinya ta yi wata uku tana shirin zuwana don in koya mata harshen kakarta. Na je na yi wata biyu, ni da na shekara talatin da biyar ina koyar da 'ya'yan wasu, kalma ɗaya na koya mata.